Idon Inna da Injin Mai Juyi

Da sunan Allah mai fitar da matafiyi, mai mayar da shi gida. Ga labarin tafiyar da muka yi Kano, don mutanen Madarunfa da suka yi ta tambayata ɗaya bayan ɗaya.

Talata: Madarunfa zuwa Ɗan Isa

Mun tashi ƙarfe shida saura kwata, muna idar da sallar asuba, a kakar shekara ta biyu bayan babban fari. Mu huɗu ne: ni, da mahaifiyata Inna, da ƙanwata Rabi da za ta yi jinya, da Ishaya mai mota. Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe idanun Inna, ba ta bambance komai sai haske da duhu. Wani likita a Maraɗi ya duba ta, ya ba mu takarda zuwa asibitin ido na Kano. Ya ce mu kai ta ranar Laraba kafin sha biyun rana a rubuta sunanta, domin mai yin aikin zai tafi ƙasarsu ƙarshen wata. Ya kuma ja mana kunne: bayan aiki, kada a sa ta a abin da zai jijjiga ta, in ba haka ba ɗinkin ya ɓalle, idon ya tafi ke nan.

Wannan ne ya kai ni wurin Ishaya. Bagobiri ne na Tibiri, Kirista, mazaunin Maraɗi. Tun yana tuƙa kamiyo, wato babbar motar ɗaukar gyaɗa, zuwa kasuwarmu nake rubuta masa wasiƙun ajami zuwa ga danginsa. Yana da wata ƙaramar mota ta Japan, wadda ya saya hannun wani nasara mai haƙa rijiyoyi da zai koma gida. Da na faɗa masa buƙatata, bai bari na ƙarasa ba.

"Malam Habu, Inna uwata ce. Ka zuba mai kawai."

Da muka zaunar da Inna a baya, ta shafa kujera ta ce, "Ɗan Tibiri, ka tada abin naka mana, rana na yi."

"Ai ta daɗe da tashi, Inna."

"Ƙarya kake. Mota ta tashi ban ji haƙorana na haɗuwa ba?"

Gaskiyarsa ce. Injin ba ya bugawa kamar na sauran motoci, wani gunji yake a hankali kamar na ƙudan zuma cikin amya. Ƙwaryar furar da ke cinyar Rabi ko motsi ba ta yi. Ramukan hanya kuwa wannan aikin direba ne, Ishaya ya bi su sannu. Muka bar tafkin garinmu a bayanmu, masunta na tura jirage, muka isa Ɗan Isa ƙarfe bakwai saura, tafiyar kilomita kamar ashirin.

Ɗan Isa

Nan muka daɗe. Jandarma suka duba takardunmu, mutanen duwan, wato kwastan, suka ce a jira shugabansu ya zo ya sa hannu a lasefase, takardar izinin wucewar mota. Na canja kuɗi, na sayo wa mata ƙosai na dala biyar, kuɗin Nijar. Da na dawo na tarar Ishaya ya sha isansi, wato fetur, yana kuma juye gwangwanin baƙin mai a inji.

Na ce, "Ba jiya ka zuba ba?"

"Haka take, Malam. Nasaran da ya sayar mani ya ce kullum in duba, in ya ragu in ƙara. Ci take."

"Ci zuwa ina?"

Ya nuna mani bututun baya, inda wani siririn hayaƙi shuɗi-shuɗi ke fita in an tada ta. A nan ne na yi abin da har yau nake neman gafara a kansa. Mu da muka ga shekarar da aka tona gidan tururuwa don neman tsaba, ba ma iya ganin ana ƙona abu mai kyau mu yi shiru. Na ce masa wannan ɓarna ce, Allah ba ya son masu ɓarna, kuma duk motar da na sani mai hayaƙi mara lafiya ce. Na ƙara da cewa tafiya mai nisa ce a gabanmu, ga tsohuwa. Ishaya mutum ne mai jin nauyina. Ya sosa ƙeya ya ce, "To Malam, ko a duba?"

Bakin tasha akwai wani mai gyaran injin niƙa, mutumin garin Sarkin Yamma, wanda kowa ke yabon hannunsa. Ya buɗe gaban mota, ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can.

"Ina fistan nata?"

"An ce ba ta da shi," in ji Ishaya.

"Kowane inji na da fistan, sai dai an ɓoye shi." Ya bi da yatsa har ya kama wasu bututu biyu sirara kamar tsinken tsintsiya. "Ga ɓarayinku! Ta nan baƙin mai ke zurarewa yana haɗuwa da isansi. Nasara ya cuce ka, maigida."

Ya matse su da fensa, wato filaya, ya ɗaure da waya. Aka tada mota, bayan ɗan lokaci hayaƙi ya ɗauke ƙaf. Na ji daɗi ƙwarai, har na sa masa albarka. Ya ƙi karɓar fiye da dala ashirin, ya ce saboda mara lafiya. Mutumin kirki ne, kuma a injin niƙa abin da ya yi daidai ne.

Muka tashi tara da rabi.

Jibiya, Katsina, Kankiya

Ƙarfe goma muna Jibiya. Ma'aikacin kan iyaka ya leƙo ya ga Inna da sanda, ya ce, "Sannu Iya, Allah ya buɗe," ya miƙo takardu bai ko sa mun buɗe kaya ba. Daga nan mil talatin ne zuwa Katsina, kwalta lafiyayya. Muka ci shinkafa da wake a bakin kasuwa, kobo ashirin kwano. Ishaya ya zaro ma'aunin mai ya nuna mani: bai ragu ko kaɗan ba. Na ce, "Ka gani?"

Bayan Caranci muryar injin ta sake. Gunjin nan mai daɗi ya koma kamar ana jan ƙarfe a kan dutse, allurar zafi ta yi sama, mota ta riƙa nauyi ko a ɗan hawa. Inna ce ta fara magana.

"Ɗan Tibiri, dabbarka ƙishi take ji."

"Na ba ta ruwa a Katsina, Inna."

"To wani abu take nema. Ni da kunne nake gani, ku da ido ba ku ji."

Muka tsaya Kankiya ƙarfe biyu da kwata don azahar. Da muka idar, Ishaya ya murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa fayau, ba ya kamawa. Aka tura ta har sau huɗu. Masu gyara biyu suka zo, suka kwance buji, wanda su suke kira fulogi, suka goge suka mayar, suka yi mamakin ganin guda huɗu jere biyu-biyu a gefen inji, suka tafi suna girgiza kai. La'asar ta yi, magariba ta kawo kai. Saura fiye da mil sittin zuwa Kano.

Limamin masallacin bakin hanya ya sauke mu. Ya ba mata ɗakin matarsa, aka kawo tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Na kasa ci. Manyan motoci na wucewa, amma Inna ba ta iya hawa saman buhuna, kuma ko mun isa da ita, da me za mu dawo da ita? Liman ya ce akwai wani direba, Sale, da ke lodin wake zai tafi Kano da safe, ya aika aka kira shi. Sale ya zagaya motar ya ce, "Zan ja ku. Amma mai birki ya zama namiji, in ya shige ƙarƙashina ba ruwana."

Ishaya ya ce, "Shekara goma sha biyu na yi a kamiyo."

"To ka san halinmu ke nan."

Laraba: Kankiya zuwa Kano

Muka tashi shida daidai, igiya tsakaninmu da motar wake kamu goma. Ban taɓa ganin tafiya mai tsawo irin wannan ba. Ishaya idonsa kan igiya, ƙafarsa kan birki, gumi na bin zanen fuskarsa. Ni ina jan carbi ina duban agogo. Tsanyawa takwas da kwata. Kafin Bichi igiya ta tsinke, aka ƙulla, aka rasa minti ashirin. A shingen 'yan sanda na bayan Bichi suka ce ba a jan mota da igiya. Sale ya sauko ya nuna masu takardar asibiti, babbansu ya karanta ranar da sa'ar, ya dubi agogonsa, ya ɗaga sandar shingen da kansa.

Sha ɗaya da minti ashirin muka tsaya ƙofar asibiti. Na goya Inna a bayana har gaban mai rubuta suna, tana cewa in sauke ta mutane na kallo. Aka rubuta ta, aka ce aiki gobe, idon dama, na hagu sai wata shekara. Sale ya ƙi karɓar komai sai goro. Ya ja motar har Sabon Gari, ya ce, "Duk Kano in akwai wanda ya san wannan aljanar, Alhaji Lamidi ne."

Garejin Alhaji Lamidi

Alhaji Lamidi Bayarabe ne gajere mai tumbi, ya yi aiki a wani babban gareji a Ikko kafin ya dawo Kano. Yana ganin zanen fuskar Ishaya ya tafa hannu.

"Bagobiri da mota! Wa ka sace wa, bawana?"

"Na zo duba gonata ce, Bayarabe. Tashi ka gaishe da ubangidanka."

Suka yi ta yi har na fara jin haushi, don ni zuciyata na kan mota. Amma da ya buɗe gabanta ya ga wayar nan, sai dariya ta ɗauke.

"Wa ya yi wannan?"

Ishaya ya buɗe baki zai ɗauki laifin, na riga shi. "Ni na sa, Alhaji. Na ga tana ƙona mai."

"Malam, kai da an ɗaure maka maƙogwaro daga Nijar zuwa Kankiya, da ka iso?"

Washegari aka yi wa Inna aiki. Aka kwantar da ita rigingine, jakar yashi a kowane gefen kai, aka ce kwana goma kada ta yi tari mai ƙarfi. Rabi na wurinta. Ni na sauka Fagge gidan wani Bamaraɗe, Ishaya wurin mutanen cocinsu. Kullum in na gaida Inna da safe sai in wuce gareji, don abin da na ɓata ina son in san shi.

Ranar Asabar aka sauke injin aka warware shi a kan tabarma. Ƙarami ne, mutum biyu suka ɗauke shi. Alhaji ya ɗaga wani faifan ƙarfe mai kauri ya ce in leƙa ramin cikinsa.

"Me ka gani?"

"Ɓawon gyaɗa mai 'ya'ya biyu."

"Madalla, manomi. Wannan fa?"

Ya ɗora mani wani ƙarfe mai nauyi a hannu, mai kusurwa uku, gefensa a kumbure. In ka haɗa ɗigo ukun da ke kan harafin shinun na ajami da layi, ka sami siffarsa. Ya saka shi cikin ɓawon gyaɗar, ya juya shi da hannu. Sai na ga kusurwoyin uku ba sa rabuwa da bango duk inda ya juya, sun raba ramin ɗaki uku, kowane ɗaki na buɗewa yana tsukewa.

"Duba ɗaki ɗaya kawai," in ji shi. "Nan ya buɗe, ya shaƙi iska da fetur. Nan ya tsuke, ya matse su. Nan fulogi ya ba shi wuta, ƙarfin ya tura shi gaba. Nan ya zo ƙofa, hayaƙi ya fita. Yana wannan, 'yan'uwansa biyu na biye da shi, kowa da nasa aikin. In ya zagaya sau ɗaya, sandar tsakiya ta juya sau uku. Irinsa biyu ne a motar nan. Injin da kuka sani, fistan na hawa ya tsaya, ya sauka ya tsaya, kamar mata na daka, shi ya sa gida ke girgiza. Wannan kuwa ba ya daka, juyi yake."

Sa'an nan ya zaro wani ɗan siririn abu daga bakin kusurwa, bai kai tsawon yatsa ba. Ya cinye, gefensa ya ɓare. "Ran injin ke nan. Shi ke shafar bango, ya hana iskar wannan ɗaki shiga wancan. A injin fistan, mai na ƙasa yana wanke komai ya koma. Nan ba hanyar da zai kai ga wannan sai an ɗiga shi cikin fetur, ya shafa, ya ƙone. Hayaƙin da ka gani, Malam, shaidar ta ci abinci ce."

Na tambaye shi wane ne ya fara tunanin wannan abu. Ya ce wani Bajamushe ne, wanda bai yi dogon karatu ba, tun yana saurayi abin ke ransa, bai ga ya tashi ba sai da ya manyanta, yau kusan shekara ashirin. Jamusawa suka fara sa shi a mota, sai 'yan ƙarafan nan suka riƙa cinyewa da wuri, masu saye suka yi ta kuka. Japanawa suka sayi izinin ƙera shi, su ma suka sha wuya, ƙarfen na kankare bango yana barin zane, sai da suka yi ta gwaji suka dace da haɗin gawayi da alminiyam. Ana cikin yabonsa man fetur ya yi tsada a duniya, shi kuwa mashayi ne, mutane suka juya masa baya.

Alhaji ya dubi Ishaya ya ce, "Shi ya sa nasara ya bar wa Bagobiri. Wa zai saya in ba su ba?"

"Ka gyara dai, bawa, surutu ya isa," in ji Ishaya.

"Kuma ka san abin mamaki, Malam? Mutumin da ya ƙago shi bai taɓa samun lasin tuƙi ba. Idonsa ba ya gani nesa."

Da na kai wa Inna wannan labari da yamma, ta ce daga kwance, ba ta motsa kai ba, "Ashe ɗan'uwana ne. Shi ya sa ya yi ta da tausayi."

Allah ya taimake mu ta hanya biyu. Bangon ya yi zane amma bai yi zurfi ba, Alhaji ya ce da mun ƙara mil ashirin da sai jefarwa. Sa'an nan a bayan garejin akwai irin motar da ta yi karo, injinta lafiya. Daga ciki ya ciro 'yan ƙarafan shida da bututun mai. Kwana huɗu yana haɗawa, ba ya bari kowa ya taɓa. Ranar Alhamis ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe garejin, sa'an nan ya koma siriri. Ya sa na rubuta sharuɗɗa uku a littafina: a duba mai duk lokacin da aka sha fetur, in an tada ta da sanyi kada a kashe sai ta yi ɗumi, kada wanda bai san ta ba ya sa mata hannu.

"Har da malamai," in ji shi.

Na ce, "Na ji, na kuma karɓa."

Lahadi: komawa

Asabar ɗin da ta biyo baya aka sallami Inna, idon a rufe da auduga da wani ɗan murfi. Aka ba Rabi tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, aka ce in mun isa gida a cire murfin a sa wa Inna, ban da sunkuyawa, ban da daka. Ishaya ya je cocinsu da sassafe, muka tashi ƙarfe tara.

Tafiyar da mota ke yi a sa'a huɗu, mun yi ta a takwas. Rabi ta tallafe kan Inna da matashi. Duk rami sai Ishaya ya kusan tsayawa, manyan motoci na yi mana ƙaho suna wucewa. Muka tsaya Kankiya muka gaida liman, na ba shi turaren da na sayo masa. A Katsina ni na zaro ma'auni, ni na juye gwangwani da hannuna. Jibiya uku da rabi. A Ɗan Isa mai gyaran injin niƙa ya hango mu ya taso da fensarsa.

"Maigida, ta sake yoyo! Kawo in ƙara ɗaurewa."

Ishaya ya kwanta a kan gaban motar ya buɗe hannuwa. Na ja mutumin gefe na zana masa ɓawon gyaɗa da kusurwa uku a ƙasa. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Allah mai iko. Malam, ku gafarce ni." Na ce ni ne mai neman gafara.

Daga kwalta zuwa gida ne na fi jin tsoro, saboda hanyar jar ƙasa ce. Inna ta ce ba ta ji komai ba sai barci.

Muka shiga Madarunfa ƙarfe biyar da minti goma, unguwa duk ta fito. Muka zaunar da ita a tsakar gida, inuwar ɗaki. Rabi ta wanke hannu ta cire murfin, ta ɗaga audugar a hankali, ta sa mata tabarau. Idon ya yi ja, yana ruwa. Ta lumshe, ta buɗe, ta juya kai sannu daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta tsaya.

"Habu."

"Na'am, Inna."

"Rumbun can wa ya yi masa jinka? A karkace yake. Kuma ku duka nan ba wanda ya ga akuya na cin shanyar wake?"

Mata suka ɗauki guɗa. Ni kuwa na juya gabas na yi sujada a nan kan turɓaya, na daɗe ban ɗago ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya mayar da gani bayan shekara uku. Ina gode wa masu aikin asibiti, da limamin Kankiya da iyalinsa, da Sale direba, da Alhaji Lamidi wanda ya koya mani abin da ban sani ba bai kunyata ni gaban mutane ba sai kaɗan. Ishaya kuwa, wanda na ɓata wa mota bai taɓa ɗaga mani murya ba, Inna ta sa ya durƙusa gabanta, ta kama fuskarsa da hannu biyu ta dube shi da kyau, ta ce, "Ashe haka kake da muni, ɗan Tibiri. Allah ya yi maka albarka, kai da zuriyarka." Duk wanda ya karanta wannan, ya taya ni cewa amin.